KIFI MAI CIN KIFI A AKWATIN GILASHI: WACE CIYAWA ZA TA ZAUNA DA SHI?

Duk wanda ya saba shiga manyan ofisoshi da otal-otal a Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, da wuya a ce bai taɓa ganin akwatin gilashi cike da ruwa ba, kifaye suna kai da kawowa a ciki. Da can abin na Turawa ne da manyan ma'aikata. Yanzu kuwa akan sami ɗan Arewa mai ɗan hali a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, shi ma ya ajiye nasa a falo ko a cikin kanti don baƙi su riƙa kallo.

Yawancin masu wannan sha'awa da ƙananan kifaye masu launi suke farawa. Amma ba a daɗewa sai ran mutum ya biya ga kifi mai kwarjini, watau irin wanda yake farautar 'yan'uwansa. To, a nan ne hasara take shigowa. Mutum ya sayi kifi da tsada, ya sayi ciyawar ruwa da tsada, ya ɓata yini guda yana shirya ta gwanin sha'awa, bayan kwana uku ya tashi da safe ya tarar ciyawar tana yawo a kan ruwa, saiwarta a waje, ganyen duk an yayyaga. Wani lokaci kuma ciyawar ce take tsira, amma kifin ya ƙi cin abinci, ya maƙale a lungu yana ramewa har ya mutu.

Abin da ke jawo haka shi ne ana zaɓen ciyawa don kyanta, ba a tsaya an tambayi yadda kifin yake neman abincinsa a kogi ba. Akwai kifin da yake laɓewa ya jira abinci ya zo wucewa, akwai mai tono da kaɗe-kaɗe a ƙasan ruwa, akwai kuma mai bin abincinsa da gudu a fili. Ciyawar da za ta yi wa na farko rana, ita ce na biyu zai tumɓuke, ita ce kuma za ta tare wa na uku hanya. Saboda haka kifi ake fara zaɓa, sa'an nan a nemo masa ciyawa.

KIFIN NA GIDA NE, CIYAWAR MA TA GIDA CE

A wannan fanni mutumin Yawuri, ko Argungu, ko Ibi, ko Baga, ya riga ɗan birni sanin rabin karatun, domin da yawa daga cikin kifayen da ake sayarwa da tsada a kantunan Ingila da Jamus da Amurka daga kogunan ƙasar nan ake kamo su, a zuba a leda da iska, a ɗora a jirgin sama daga Ikko. Kifin nan mai ƙayoyi jere a gadon baya kamar zarto, wanda masunta suke kira gartsa, wasu kuma su ce gwando, shi ne masu kanti suke kira bichir. Yana da wani ɗan'uwa siriri kamar maciji da ake samu a fadamun Kudu, wanda masana suka raɗa wa suna calabaricus a 1865, saboda daga Kalaba aka aika musu da shi.

Turawa sun daɗe suna wahala a kan gartsa. Wani masanin dabbobi daga Kambirij, John Budgett, sau huɗu yana zuwa Afirka don kawai ya ga yadda ƙwan wannan kifi yake zama ɗa. Sai a 1903 ya cim ma burinsa a yankin da Kwara take shiga teku, amma ya koma gida da zazzaɓi, ya mutu a watan Janairu na 1904 yana da shekara 31.

Ciyawar ma haka labarinta yake. Wadda ta fi kowace suna a wurin masu ajiye kifi mafarauci ita ce Anubias barteri, kuma sunan wani ma'aikacin lambu ne, Charles Barter, aka ba ta. Shi ne mai tara tsirrai a cikin ayarin Likita Baikie, wanda jirginsu ya fashe a kan dutse kusa da Jabba a 1857. Barter ya mutu a Raba a 1859, aka sa wa tsiron sunansa a 1860. Tsiron yana fitowa a bakin ƙoramun kurmi a kudu maso gabashin Nijeriya da Kamaru, a inuwa, manne da duwatsu da kututtura. Mai akwati ya riƙe wannan bayani na inuwa da mannewa, don shi ne sirrin amfaninta.

MASU KWANTON ƁAUNA

Gartsa ba shi da ƙarfin gani. Da hanci yake farauta, galibi da dare, yana rarrafe a ƙasan ruwa da fikafikansa na gaba kamar mai tafiya da hannu. Ba ya cin ganye ko kaɗan, amma jikinsa da nauyi, kuma ba ya kauce wa abin da ke gabansa, saboda haka duk wata ciyawa mai siririn kara da aka soka cikin yashi sai ya ture ta. Irin da aka fi samu a kanti yakan kai ƙafa ɗaya a cikin akwati. Abin da yake so shi ne duhu-duhu da wurin shiga ya ɓuya. In aka sa shi a akwati fayau mai hasken fitila kamar filin ƙwallo, yini zai yi a lungu, mai shi ba zai more kallonsa ba.

A nan Anubias take da rana. Ganyenta kauri gare shi kamar fata, ba ta son haske mai yawa, kuma ba a shuka ta cikin yashi. Tana da wani gindi kore mai kwanciya, kamar ɗanyar citta, wanda ganye yake fitowa ta samansa, saiwa ta ƙasansa. In aka binne wannan gindi ruɓewa yake yi, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe ta a hannun sababbin shiga. Ɗaure ta ake yi da zaren fatsa a jikin dutse ko itacen da ya daɗe a ruwa, ba tamau ba, bayan wata ɗaya ko biyu saiwar ta kama da kanta. Daga nan kifi ya bi ta kanta, ya bi ta ƙarƙashinta, ba abin da zai same ta. Akwai wata abokiyar zamanta mai suna Bolbitis, mai ganye tsaga-tsaga kore shar, ita ma 'yar ƙoramun Afirka ce, ita ma ɗaure ta ake yi, sai dai ta fi son inda ruwa yake motsi, saboda haka kusa da bakin matatar ruwa ake ajiye ta.

Aibin Anubias ɗaya ne, jinkirin girma. Sai a yi makonni kafin ta fitar da ganye guda, don haka in haske ya yi mata yawa gansakuka takan rufe ganyen tun kafin ta sake wani. Maganin wannan kuwa yana nan a kowane tafki na Arewa, watau kainuwa. In aka zuba kainuwa a saman ruwa, ta yi wa Anubias inuwa, ta yi wa kifin inuwa, saiwarta mai kama da gemu kuma ta sauko ta zama labule. Da wuya a sami haɗin da ya fi wannan dacewa da kifi mai laɓewa: yashi mai laushi a ƙasa, itace da Anubias a tsakiya, kainuwa a sama. An ce yashi ba tsakuwa ba, domin gartsa yakan haɗiye ƙaramar tsakuwa tare da abinci.

Tufi ma wannan shiri yake so, sai dai shi yakan kai inci 20, kuma ba ya zama da kowa. A kogi yakan tsaya cik a cikin ciyawa kamar guntun itace har ƙaramin kifi ya zo daf da bakinsa. In ba ciyawa a kansa, firgita yake yi, ya riƙa dukan gilashi da murfi har ya ji wa kansa ciwo.

Wanda ɗakinsa ƙarami ne ba sai ya haƙura ba. Akwai wani ɗan kifi mai faffaɗan fiffike kamar malam-buɗe-littafi, sunansa a littafi Pantodon, tsawonsa bai wuce inci 4 ko 5 ba. A saman ruwa yake rayuwarsa, yana jiran ƙwaro ya faɗo. Gyare da fara da shinge duk abincinsa ne. Shi ba ruwansa da abin da aka shuka a ƙasa. Bukatarsa ita ce ruwa marar igiya da ganye mai yawo da zai raɓa, ko kainuwa ko ganyen bado. Haka kuma akwai kifin ganye na fadamun Kudu, mai inci 3, wanda in ya tsaya sai a rantse busasshen ganye ne ya faɗa ruwa. Shi ciyawa mai duhu sosai yake so, amma da wuya ya karɓi abin da ba mai rai ba, saboda haka ba na sabon shiga ba ne.

Bado kuwa, wanda yara suke ciro 'ya'yansa a tafki, yana da wani iri mai jan ganye da ɗigo-ɗigo da ake fitarwa daga Afirka ta Yamma, ana sayar da shi a Turai da sunan damisa. Shi ta saiwa yake ci, saboda haka a ƙaramar tukunyar ƙasa ake dasa shi, a sa laka a ƙasa, a rufe da yashi, a jera duwatsu a kai, a bar kan a waje. In ana son ganyen ya tsaya a ƙasa sai a riƙa yanke duk wanda ya miƙa sama. In kuwa inuwa ake so sai a bar uku ko huɗu su kai saman ruwa su baje.

Akwai wata 'yar matsala da ya kamata a sani tun da wuri. Gartsa da tufi da Pantodon duk gwanayen tsalle ne, shi kuwa siririn nan na Kalaba ko ramin da yatsa zai shiga ya ishe shi ficewa, saboda haka murfi dole ne. Amma kainuwa ba ta shiri da murfin gilashi, don raɓar da take taruwa a jikinsa tana ɗiga a kan ganyenta ya ruɓe. Abin da ya fi shi ne a yi murfi da ragar roba irin ta taga, a kafa ta a katako mai nauyi, a kuma bar tazarar inci 3 ko 4 tsakanin ruwa da ragar.

MASU TONO DA ƁARNA

Kifin da ya fi cin kuɗin mutane a banza wajen ciyawa shi ne oscar, baƙo daga kogin Amazon na Amurka ta Kudu. Ana sayar da shi yana ɗan inci 2, kyakkyawa, yana bin yatsan mai shi a jikin gilashi, amma cikin shekara guda sai ya doshi ƙafa ɗaya. Dangin ƙarfasa ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin ramukan da ƙarfasa take tonawa a bakin tafki ya san halin gidan. Oscar yakan ɗebi yashi da baki ya tofar a wani wuri, ya ciji ciyawa ya ja ta har sai ta fita, ba don yunwa ba, sai don bai yarda da inda aka sa ta ba. Gardama da shi ɓata lokaci ne. Abin da yake tsira a wurinsa sai Anubias babba da ta riga ta kama jikin kututturen da ya fi ƙarfinsa, ita ma ba kullum ba.

Gaiwa ta fi shi. Hausawa suna cewa jikinta take ci, kuma da gaskiyarsu, domin in ruwa ya janye takan shige cikin laka ta yi watanni tana rayuwa da naman jikinta. A cikin akwati takan kai ƙafa 3, tana da haƙora masu fasa katantanwa, tana tono, tana gatsa duk abin da ta samu, har da yatsan mai gyaran ciyawa. Minjirya ita ma mai tono ce, kogo take so, kamar guntun bututun ƙasa, da duhu. Babba tana iya sakin wutar da ta kai bolt 350, ƙarama ma in ta ja mutum sai ya saki abin da ke hannunsa, saboda haka akwatin da za a riƙa sa hannu ana gyaran ganye kullum bai dace da ita ba, balle a gidan da yara suke.

Talibamban nasa salon daban ne. Katantanwa ce abincinsa, haƙoransa huɗu kamar bakin aku, kuma in ya hangi katantanwa a kan ganye ba ya tsayawa ɗauke ta, haɗawa yake yi da ganyen ya gatsa. Yakan kuma binne kansa a yashi. Wanda ya sa masa tsiro mai tsada zai tarar da shi huje-huje kamar an bi shi da almakashi.

Ga irin waɗannan kifaye dabara ita ce a fitar da ganyen daga ruwa ɗungum, a bar saiwa kaɗai a ciki. Tsiron nan mai yaɗo da ake ajiyewa a ofisoshi a cikin kwalba, wanda masu sayar da furanni a bakin titi suke kira money plant, in aka sa gindinsa a ruwa ganyen yana waje, sai ya yi saiwa ya riƙa shan dattin ruwan. Dankalin Hausa ma yana yin wannan aiki, kuma ya fi araha. A rataye shi a bakin akwatin, ƙasansa kaɗai yana taɓa ruwa don kada ya ruɓe, cikin mako biyu sai ya zubo da fararen saiwoyi, yaɗon kuma ya bi bango. In kifin yana cin saiwar sai a kare ta da ɗan kwandon roba.

MASU GUDU A FILI

Tsage, mai haƙora a waje kamar na kare, da gudu yake kama abincinsa a tsakiyar kogi. Shi fili yake bukata, da ruwa mai motsi da iska sosai. In aka cika masa akwati da itace da ciyawa, ranar da ya firgita zai yi karo da su ya fasa baki. Abin da ake yi masa shi ne a bar tsakiya da gaba wayam, a jera dogayen tsirrai a jikin gilashin baya da kusurwoyi. Vallisneria mai ganye kamar tsinken kaba takan yi, haka ma Crinum natans, wata albasar ruwa ta kogunan kurmin Afirka ta Yamma, mai dogon ganye murɗe-murɗe da yakan wuce ƙafa 3. Saiwarta tana da ƙarfi, tana son ruwa mai gudu, kifi kuma bai cika cinta ba. Ita ma rabin kan ake bari a waje.

Amma gaskiyar magana, tsage ba kifin falo ba ne. Yauni ma haka, wanda Yarabawa suke kira eja osan suna kai shi wajen biki, domin yakan wuce ƙafa 5, kuma cizonsa ba wasa ba. Giwan ruwa kuwa, wanda ake gasar kamawa a Argungu, yana iya kai kilo 200. Ana kawo 'ya'yansu kasuwa suna kamar yatsa, mai sayarwa kuma ba lalle ne ya faɗi inda girmansu zai tsaya ba. Maganar wai kifi daidai girman akwatinsa yake tsayawa ba ta da tushe. Abin da ke faruwa shi ne ya tsumbure, ya yi ciwo, ya mutu da wuri.

Ko gartsa ɗaya ko biyu ma suna bukatar akwati mai tsawon ƙafa 4, faɗi inci 18, zurfi inci 18. Wannan yana cin ruwa wajen lita 240, watau kusan jarka 10 ta lita 25, kuma in aka haɗa da gilashi da yashi da duwatsu nauyinsa ya kai na buhun siminti 6. Mai haya a bene, da mai niyyar ɗora shi a kan teburin katako, su yi wannan lissafi tukuna.

AIKIN DA CIYAWA TAKE YI A ƁOYE

Kifi mai cin nama ya fi mai cin ganye ɓata ruwa. Daga jikinsa da kashinsa da ragowar abinci wata guba take fita mai suna amoniya, wadda ba a ganinta, ruwa yana nan garau amma kifi yana ƙonewa. Wasu ƙwayoyin halitta da suke zama a cikin soson matatar ruwa da yashi su ne suke juya ta zuwa wani abu mai sauƙin illa, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya aikin a sabon akwati. Shi ya sa ake fara dasa ciyawa, a kunna matata, a riƙa jefa ɗan abinci kaɗan, a bar akwatin ya yi wata guda kafin babban kifi ya shiga. Wannan jira har ila yau shi ne yake ba saiwa damar kamawa kafin mai ture ta ya iso.

Tsiro yana shan wannan datti a matsayin taki, amma gwargwadon saurin girmansa. Anubias, da yake ba ta sauri, abin da take sha kaɗan ne. Masu aikin gaske su ne kainuwa, da dankali, da wata ciyawa marar saiwa mai kama da jelar doki da ake samu a tafkuna, wadda ake kira Ceratophyllum a kanti. Duk hannu guda na kainuwa da aka kwashe aka fitar, datti ne aka fitar daga ruwan. Duk da haka ciyawa ba ta ɗauke wa mutum canjin ruwa. Kashi ɗaya cikin huɗu ake canzawa kowane mako, da ruwan da ya kwana biyu a buɗaɗɗen bokiti in na famfo ne, saboda maganin da ake zuba masa. A unguwannin da suke kusa da teku kuma a ɗanɗana ruwan rijiya tukuna, don gishiri yana kashe kainuwa da yawancin tsirran nan.

Kada a kuskura a zuba takin zamani na gona, ko yuriya ko wani, don a sa ciyawa ta yi kyau. Gubar da ake gudu ita ce a cikinsa. Kashin kifi mafarauci ya ishi waɗannan tsirrai. Fitila kuma awa 8 ta isa a yini, kuma kada a ajiye akwati inda rana take dukansa ta taga, in ba haka ba ruwan zai koma kore kamar miyar kuka.

Wajen ciyarwa, tana da jatan lande da yankan ƙarfasa sun fi ƙananan kifaye masu rai da ake saya a kasuwa, waɗanda sukan shigo da cuta. Babban kifi sau 2 ko 3 a mako ya ishe shi. Akwati mai ciyawa da yawa yana da wani haɗari a nan: guntun nama yakan faɗa bayan itace ya ruɓe ba wanda ya gani. A riƙa jefa abinci a wuri ɗaya da aka bari fili a gaba, abin da ya rage bayan minti 10 a tsame shi.

IN AKA ƊAUKE WUTA

Littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika damuwa da wannan ba, amma a nan shi ne babban abin da yake raba mai kifi da kifinsa. Da rana, in akwai haske, ciyawa tana ba ruwa iskar da kifi yake shaƙa. Da dare kuwa, ko in fitila ta mutu, ita ma shaƙa take yi. Watau akwatin da ya cika da ciyawa, aka ɗauke wuta da tsakar dare, injin iska ya tsaya, ga zafi, to kifi da ciyawa da ƙwayoyin matata duk rabon iska ɗaya suke yi, kuma kafin asuba takan ƙare.

A nan kifayen fadama suka yi wa sauran zarra. Gartsa da gaiwa huhu gare su, tufi da tarwaɗa kuma suna da wata ma'ajiyar iska a cikin kai, duk sukan taso su kurɓi iska a sama su koma. Shi ya sa suke rayuwa a kududdufin da wani kifi ba zai kwana ba. Tsage kuwa ba shi da wannan baiwa, shi ne farkon mutuwa. Wanda ba shi da janareto ko batirin hasken rana, wannan kaɗai ya isa ya nuna masa irin kifin da zai saya.

Sai dai baiwar tana da sharaɗi. Gartsa da gaiwa in aka hana su kai baki sama, nutsewa suke yi su mutu kamar kowace dabba. Kainuwa kuwa cikin mako biyu takan rufe ruwa ruf. Saboda haka ana barin aƙalla kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa a buɗe. Hanya mai sauƙi ita ce a lanƙwasa siririn tiyo a haɗa bakinsa ya zama zobe, a ɗora a kan ruwa, kainuwa tana waje, cikin zoben yana fili. In wuta ta daɗe ba ta dawo ba a daina ba da abinci, a riƙa ɗiban ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama, a kuma tanadi ɗan injin iska mai aiki da batir.

Wanda zai ɗebo kainuwa ko bado da kansa daga tafki ko fadama ya yi hattara. Katantanwar da take ɗauke da tsargiya, watau ciwon fitsarin jini, a jikin irin waɗannan tsirrai take zama, kuma ta fata cutar take shiga mai tsoma ƙafa. Akwai kuma matsattsaku da ƙwayayen ƙwari. A wanke tsiron sosai, a tsince duk katantanwa, a ajiye shi a bokiti dabam na mako 2 ana canza ruwa ana dubawa kafin ya shiga akwati.

Haka kuma abin da aka kwashe daga akwati kada a zuba shi a kwata ko a kogi. Baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure, wadda take toshe wa jiragen ruwa hanya a Ikorodu da Epe, asalinta daga Amurka ta Kudu ne, kuma don ado aka yi ta yawo da ita ƙasa-ƙasa kafin ta ɓulla a ruwan Badagry a 1984 ta wajen Jamhuriyar Benin. Kifi ma haka. Giwan ruwan da aka zuba a tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ya taimaka wajen ɓatar da ƙananan kifaye wajen iri 200, Amurka kuma ta hana shigo da tufi da danginsa masu rai tun 2002, bayan an sami wani irinsu na Asiya yana hayayyafa a wani tafki a jihar Maryland. Ciyawar da ta yi yawa a shanya ta a rana ta bushe, a zuba a gindin shuka. Oscar ko wani baƙon kifi da ya fi ƙarfin akwatinsa kuwa, a mayar wa mai kanti, ko a nemi mai babban akwati a ba shi.